Ƙwayoyin da Ke Cikin Gwangwanin Maɓallai

Duk wanda ya taɓa bin layin masu hawan jini da ciwon suga a asibitin nan ya san ɗaki na uku, ya kuma san matar da ke ciki. Sunanta na yanka yana nan a rubuce a ƙirjin rigarta, amma ba mai karantawa. Sista Zuba-Mu-Gani ake ce mata, tun daga masu shara har likitoci, ita ma in an kira sai ta amsa.

Wani tsohon tire na silba ne ya ja mata sunan. Yana zaune a kan teburinta, ya lotsa ta gefe ɗaya. Dokarta ita ce, in za ka zo wurinta, ka tattaro duk wani magani da ke gidanka: wanda aka rubuta maka, wanda ka saya da kanka, wanda maƙwabcinka ya ce shi ya sha ya warke, har ragowar na marigayi. Kana zama za ta turo maka tiren ta ce, “Zuba mu gani.” Sai ka juye ledarka. A nan ake ganin abin mamaki. Mutum ɗaya yana shan magani iri ɗaya sau biyu don kwalayen sun bambanta. Wata tana shan maganin kumburin ƙafa, alhali wani maganin ne ya kumbura ƙafar. Sai Sista ta sa ɗan yatsa tana warewa, wannan dama, wannan hagu, kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi.

Ba da wannan ta fara ba. Shekara ashirin da biyu ta yi a ɗakin masu jinya tana tura keken magani daga gado zuwa gado, abin da aka rubuta shi take bayarwa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, sau da yawa tana ganin magani yana wahalar da mutum, amma ba ta da bakin da za ta ce ga dalili. Tana da shekara arba'in da shida ta koma karatu, babban kwas na nas-nas wanda in ka gama ake ba ka izinin duba majinyaci ka rubuta masa magani. Ta zauna aji ɗaya da sa'annin 'yarta, suna ce mata Mama, tana aron littattafansu. Shekara biyu ta yi tana fama da hanta da ƙoda da lissafin awo, har gilashin idonta ya ƙara kauri.

Abin da ta fito da shi daga karatun nan, in za ta yi wa majinyaci bayani, ba shi da tsawo. Takan ce magani baƙo ne a jiki. Sai ka san ta ina ya shiga, a ina ya sauka, kwana nawa zai yi, ta wace ƙofa zai fita. Ga yawancinsu ƙoda ce ƙofar. In mutum ya tsufa ƙofar takan tsuke, baƙon jiya bai fita ba na yau ya shigo, kafin ka ankara gida ya cika.

Tana kuma da wata tambaya da ta yi suna a kanta. Ba ta taɓa ce wa mutum, “Kana shan maganinka?” Ta ce wannan tambayar ƙarya kawai take haifarwa, don ba wanda zai kalli farar riga ya ce a'a. Sai dai ta kwantar da murya ta ce, “Baba, a satin nan kwana nawa ya wuce ka? Ni kaina ina mantawa da nawa.” Sai ka ga tsoho ya yi 'yar dariya ya ce uku. Ta ce me ya hana. Ya ce yana sa shi jiri a kan babur. Shi ke nan, sai a gyara. Ba ta faɗa, ba ta harara. Mutane sukan fito daga ɗaki na uku suna cewa matar nan akwai haƙuri.

To, waɗannan ba su san ta a gida ba. A gida ba a gaya mata abu sau biyu, ita ma ba ta faɗa sau biyu. 'Ya'yanta biyu, babban ɗanta da autarta, sun tashi sun san ƙarar takalminta tun daga bakin ƙofa. Mijinta tela ne, ya girme ta da shekara goma sha ɗaya, mutum mai sanyin magana wanda in ana gardama sai ya ɗauki almakashi ya shiga gyaran farce. Shagonsa na cikin kasuwa, a layin masu yadi, ɗan ƙarami ne: keken ɗinki ɗaya, teburin yanka, benci, da madubi mai tsaga a kusurwa. Shekara talatin da takwas yana buɗe shi ƙarfe takwas. Duk farar rigar aikin da ta taɓa sawa shi ya ɗinka mata. Lokacin da take karatu, shi yake riƙe mata littafi yana karanto sunayen magunguna da ƙyar, tana ba shi amsa. Yana ce mata Sista ko a cikin ɗaki, rabi wasa rabi gaskiya. Ita tana ce masa Malam.

Shekara huɗu da suka wuce ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya in ya hau matakala. Likitan zuciya ya duba ya ce zuciyar ta yi rauni, bugunta kuma ba ya tafiya daidai. Ya rubuta masa magunguna, cikinsu har da ƙwayoyi biyu na safe: ɗaya ta daidaita bugun zuciya, ɗaya ta fitar da ruwa ta fitsari. Dukansu ƙanana ne, farare, in ba gwani ba ba mai bambanta su.

Sista ba ta rubuta wa mutanen gidanta magani, wannan ƙa'idar aiki ce kuma tana riƙe da ita. Amma sauran hidimar duk ta ɗauke. Da yake tana fita ƙarfe shida da rabi, kafin ya karya, sai ta zuba masa ƙwayoyin a wata 'yar roba mai murfi ta sa masa a aljihun riga. Da yamma ta lalubi aljihun, ta tarar da robar wayam, ta sake cikawa. Duk wata uku ta raka shi wurin likita. Likitan, wanda tun yana ɗalibi ya san ta, yakan tambaya, “Yana shan maganin yadda aka ce?”

“Ko kwana ɗaya bai taɓa wucewa ba, Likita. Ni nake zuba masa.”

Wa zai musa wa Sista Zuba-Mu-Gani a kan magani? Ga ƙafa ba ta sauka ba, ga bugun yana nan da sauri, ga shaida daga bakin da ba a shakka. Sai likita ya ƙara ƙwayar fitsari. Bayan shekara ya sake ƙarawa, ya kuma ɗaga ta zuciyar. Malam yana zaune a tsakaninsu, hula a gwiwa, yana kallon kalanda.

Asirin ya tonu ne a kan maɓalli guda. Na rigarta ne ya tsinke, ta biya ta shago bayan ta tashi daga aiki. Ta tarar ya tafi sayen zare. Ta ɗauko gwangwanin madarar da yake tara maɓallai, ta ga ba za ta tsaya lalube ba, hannu ya riga ya saba, sai ta juye shi a kan teburin yanka. Maɓallai suka watse, baƙaƙe da jajaye. A tsakiyarsu ga fararen ƙwayoyi, tuli guda, wasu har sun fara zama gari. Ta zauna ta ware su. Da ta wuce ɗari tara sai ta daina ƙirgawa.

Abin da ta gaya masa da ya dawo ranar nan, maƙwabtan shago sun ji, ba sai an maimaita ba. Ta ce ya mayar da ita maƙaryaciya a gaban likita, yaron da ta koya wa ɗaura ruwa. Ta ce in mutuwa yake so ya faɗa, ta daina wahalar da kanta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma a ƙarƙashin ɓacin ran tsoro ne, don tana son mutumin nan fiye da yadda bakinta ya taɓa faɗa. Shi dai ya durƙusa yana tsince maɓallansa. Ba ta tambaye shi dalili ba.

Kunya ta hana ta gaya wa likita. Ta ce a ranta, ai gyaran mai sauƙi ne, abin da aka rubuta a sha. Tun daga washegari ta daina sa roba a aljihu. Ƙarfe shida ta tsaya a kansa da kofin ruwa, jaka a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya. “Haɗiye. Buɗe baki in gani. Ɗaga harshe.” Dattijo mai shekara sittin da tara ya buɗe, ya ɗaga. A ɗakin masu jinya, shekara ashirin da biyu, ba ta taɓa ba wa kowa ƙwayar zuciyar nan ba sai ta riƙe tsintsiyar hannunsa ta ƙirga bugun minti guda cur. A gida ko sau ɗaya ba ta yi ba, motar ma'aikata ba ta jira.

Sati biyun farko kumburin ƙafafu ya sauka, har takalminsa ya yi masa yawa. Ta ce, “Ka gani ko?” A sati na huɗu ya fara ture abinci, ya ce zuciyarsa na tashi. Ta ce fushi ne, ya yi ya gama. A sati na shida ya yanka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, mutumin da yake yanka yadi da ido ba tare da alli ba. Ya kira wani mai kawo ɗinki da sunan ƙanensa da ya rasu tuntuni. Ya yi rigima da masu kaya har uku, ya ce sun kawo masa yadi mara kyau, ya mayar musu da abinsu. Wata rana aka same shi zaune a gaban keke, ƙafa a kan feda, ya manta abin da zai yi.

Babban ɗansu ne ya zo da maganar. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerarta ya ce, “Mama, ke kin fi ni sani, amma abin nan na Baba tsufa ne ya taɓa kai. Kada wata rana ya fita ya kasa gane hanyar gida, ko ya yanke hannu. A rufe shagon nan. Akwai mai son wurin, har keken zai saya.”

Kullum tana ganin irin wannan a ɗaki na uku, tsofaffin da 'ya'yansu ke riƙo, ana tambayarsu ranar mako suna murmushi. Ta ce to. Da aka gaya wa Malam, sai ya ce, “In kun rufe, ina zan je ƙarfe takwas?” Ɗan ya karɓi makullin, aka sa Asabar za a kwashe kaya.

Ran Asabar rabin wuni take yi, don haka da kayan aiki ta wuce kasuwa. Ta tarar ɗan yana cusa zaruruwa a kwali, an riga an kwance keken daga teburinsa. Malam na zaune a benci, ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana kallo, sannan ya kama gefen rigarta ya murza da yatsu biyu kamar yadda yake gwada yadi.

“Sista, da me kike wanke rigar nan? Fara fat na ɗinka miki. Dubi yadda ta koma rawaya.”

Rigar sabuwar wanki ce, har da bula. Ta ce, “Rawaya?”

“Kamar na mutanen nan. Kowa ya kawo farin yadi sai ka ga ya yi ruwan ɗorawa. Na ce ba zan ɗinka a ce ni na ɓata ba. Har ƙwan lantarkin nan ma wani zobe ya yi.”

Ɗan ya girgiza kai, ya yi mata alama da ido, wai kin ji irin abin da nake faɗa. Ita kuwa jakarta ce ta sulale ƙasa. Wannan shafin ta haddace shi, Malam da kansa ya riƙe mata littafin: ƙin abinci, tashin zuciya, ruɗewa, ganin abu rawaya, zobe a jikin fitila. Alamun ƙwayar zuciya ke nan in ta taru a jiki ta yi yawa. Ta kama tsintsiyar hannunsa ta dubi agogo. Arba'in da biyu, yana tafiya yana tsallake.

A tsaye a wurin lissafin ya fito mata sarai. Awon da likita ya rubuta, ya rubuta shi ne don mutumin da ke shan ɗaya ya zubar da biyu, sai dai likitan bai sani ba. Ita ta ɗauki wannan awon gaba ɗayansa ta ɗura wa tsoho kwana arba'in da biyar ba fashi. Ƙwayar fitsarin ta tsotse masa ruwa, ta tafi da gishirin jinin da zuciya ke buƙata, ƙoda ta gaji, ta zuciyar ta rasa ƙofar fita. Garin neman gira saura kaɗan ta rasa ido.

Ta ce wa ɗan, “Ajiye kwalin nan ka kawo mota. Ubanka ba tsufa ke damunsa ba.”

Aka kira likitan zuciya ya zo. A tsaye a gaban gado, a gaban ƙananan nas biyu da ita ta horar, ta ce, “Likita, shekara huɗu ina gaya maka yana sha. Ba ya sha. Na gano wata ɗaya da rabi da suka wuce, na ɓoye maka, na tilasta masa duka.” Likitan ya dube ta. Ya ce a ɗebi jini, a tsayar da ƙwayoyin biyu, a sa masa ruwa, a jona shi da na'urar duba zuciya. Gwajin ya fito yadda ta zata.

Kwana shida ya yi a kwance. Magani irin wannan ba ya fita don ana sauri, kowace rana jiki ya rage kaɗan. A rana ta uku ya nemi shayi da burodi. A ta huɗu ya kalli zanen gado ya ce, “Wannan fari ne, amma wanda ya yi masa kalmasa bai iya ba.” Autarsu da ke zaune a gefe ta fashe da kuka tana dariya.

Da yamma, da suka rage su biyu, Sista ta jawo kujera kusa. Ta yi amfani da muryar ɗaki na uku, wadda bai taɓa ji ba. “Malam, me ya sa kake ajiye su?”

“Kin san inda bayin kasuwa yake?”

“Ban sani ba.”

“Can ƙarshen layin masu takalma, sai ka hau bene. In na sha abin nan, kafin azahar sai na je sau biyar. Ga numfashi, ga matakala. Kafin in dawo mai kawo ɗinki ya gaji ya wuce shagon gaba. Wata rana ma ban kai ba.” Ya kawar da kai. “To ranar da aiki ya yi yawa sai in ajiye. Ban san wacce ce ta fitsarin ba, duk kamarsu ɗaya, sai in ajiye duka.”

“Me ya hana ka gaya wa likita?”

“Ai ke kike amsawa.”

Ba da zafi ya faɗa ba, kamar mai gaya mata farashin zare ya faɗa. Ta zauna riƙe da hannunsa.

Bayan sati biyu da sallama aka koma ganin likita. Da suka isa ƙofa, ta gyara masa hula ta ce ya shiga. Likitan ya leƙo ya ce, “Sista, bismillah mana.” Ta ce a'a, tana nan. Ta zauna a bencin waje cikin 'yan rakiya, da farar rigarta, masu wucewa suna gaishe ta suna mamaki. Makullin shagon yana cikin tafin hannunta. Da safe ta karɓo shi daga wurin ɗanta, ta ce ya mayar da keken inda ya kwanto shi, ya ba mai son wurin haƙuri.

Ta cikin ƙofar tana jiyo muryar Malam, ba ta jin abin da yake cewa. Minti biyar, minti goma, har ashirin, shi kaɗai yake ta magana, likita sai dai ya ce uhm. Shekara talatin da uku suna tare, ba ta san yana da magana haka ba.

Ya fito da takarda a hannu, fuska a sake. “Yaron nan yana da kai,” in ji shi. “Ya rage su duka. Ta fitsarin kuma ya ce in bari sai na dawo gida ƙarfe huɗu in sha, tunda bayi na kusa. Kin ji dabara? Ashe ana iya haka?”

Ana iyawa. A ɗaki na uku, cikin direbobi da masu gadi da malaman makaranta, ba satin da zai wuce ba ta yi wa wani wannan gyaran ba.

“Ana iyawa, Malam,” ta ce. Ta kama hannunsa ta ƙirga minti guda cur, saba'in da huɗu, sannan ta sa masa makullin a ciki.